Ɗanye ko soyayye: ta wace hanya jiki ya fi amfana da tumatir?

Maman Hanifa, Rikkos:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, tun da hunturu ya kankama tumatir ya wadata a Farin Gada da sauran kasuwannin garin Jos, jajaye masu tauri, farashinsa kuma ya sauko yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya sayen bokiti guda ba tare da ya taɓa kuɗin hatsi ba. Tambayata ga masana da iyayenmu da ke wannan zaure ita ce, ta wace hanya jiki ya fi amfana da shi? Na ji masu cewa irin suyar da muke yi wa miyar dage-dage tana ƙone duk wani amfani da ke cikinsa, sai launi da ɗanɗano kawai suke saura, don haka ɗanye ya kamata a riƙa ci. A gidaje da yawa kuma ana hana yara ɗanyen tumatir saboda tsoron taifod da gudawa. Ina da yara ƙanana, ga kuma surukata mai hawan jini a gida ɗaya, shi ya sa nake neman bayani mai tushe kafin kakarsa ta wuce.

Malam Auwalu, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ni ina tare da masu cewa a ci ɗanye, kuma hujjata a fili take. Bitamin C da ake yabon tumatir da shi ba ya jure zafin wuta. Mu kuwa sai mu kai markaɗe, mu tafasa shi har ruwansa ya ƙone, sannan mu juye cikin mai mu soya har ya yi duhu, washegari a ɗumama, jibi a sake ɗumamawa. Me ya rage a cikin wannan tukunya? Ku dubi mai tsire, ba ya naɗe nama sai ya yanka tumatir da albasa da kabeji a kai. Ku dubi kwaɗon zogale da na rama, da ɗanwake, da garau-garau, duk da ɗanyen tumatir ake cin su. A ganina wannan ita ce hanyar da ta dace mu ƙarfafa, musamman yanzu da ake samun sabon tsinka kullum.

Hajiya Ladi, Gangare:
Malam Auwalu, Allah ya yi maka albarka, amma maganarka ta wanda ake kawo wa abinci a kwano ce. Matar da ke ciyar da gida mai mutum goma ba za ta ajiye musu shinkafa da yankakken tumatir ta ce ga miya ba. Suyar da kake kuka da ita tana da dalili: ita ke fitar da tsami da gafi, ita ce kuma ke sa miya ta kwana ba ta lalace ba a gidan da wutar lantarki ba ta zama. Sannan ba kowane tumatir ake ci ɗanye ba. Wanda za a yanka a kwaɗo sai mai tauri, mai santsin fata, wanda bai fashe ba, kuma ƙamshinsa na fitowa daga wajen hancinsa. Wanda ya yi laushi, ko ya kwana biyu a kwando, tukunya ce makomarsa. Ban yarda cewa miyar da muka tashi da ita, muka kuma raini 'ya'ya da jikoki da ita, ba ta da komai sai launi ba. Ina Malama Rukayya? Wannan fanninki ne, 'yata, ki zo ki raba mana gardama.

Malama Rukayya, Tudun Wada:
Ga ni, Hajiya, ranki ya daɗe. Aikina ba wa marasa lafiya shawara kan abinci ne, kuma wannan tambaya tana yawan zuwa mana. Kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, domin amfanin tumatir ba a sinadari guda yake ba, kuma wuta ba ta yi wa sinadaran aiki iri ɗaya.

A cikin giram 100 na ɗanyen tumatir, wato ɗan matsakaici guda ɗaya, kusan kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, kuma kalori 18 kacal yake ɗauke da shi. Akwai bitamin C kimanin miligiram 14, da fotasiyam kimanin miligiram 237, da ɗan folet wanda mai juna biyu ke bukata, da bitamin K, da ɗan harza mai taimaka wa hanji. Babban mutum yana bukatar miligiram 75 zuwa 90 na bitamin C a rana, saboda haka manyan tumatir biyu a kan ɗanwake sun biya masa fiye da sulusin bukatarsa. A nan Malam Auwalu ya yi daidai, domin doguwar suya da maimaita ɗumame suna cinye kaso mai yawa na wannan bitamin.

Sai dai akwai laikofin, sinadarin da ke ba tumatir jan launinsa, wanda kuma ake samu a kankana da jar gwaba. Shi a ƙulle yake cikin ƙwayoyin naman tumatir, kuma a mai yake narkewa, ruwa ba ya ɗaukarsa. Idan aka markaɗa tumatir aka dafa shi, zafi yana farfasa waɗannan ƙwayoyi ya sake shi, man gyaɗa ko manjan da aka zuba kuma shi ke rakiyarsa daga hanji zuwa jini. Wannan ne ya sa wanda ya ci miyar dage-dage yake samun laikofin fiye da wanda ya ci ɗanyen tumatir zalla. Ke nan miyar Hajiya ba fanko ba ce. Shawarata ga Maman Hanifa ita ce a haɗa biyun a kwano ɗaya muddin ana cikin wadata: a yi miya kamar yadda aka saba, sannan a yanka sabo a gefen shinkafa ko a kan faten dankali bayan an sauke.

Malam Auwalu, Bukuru:
Na gamsu da batun laikofin, Malama, na gode. Amma har yanzu ina ganin muna wuce gona da iri wajen suya. Idan zafi kaɗan ya isa ya saki sinadarin, mene ne amfanin barin miya a wuta har man ya fara hayaƙi?

Malama Rukayya, Tudun Wada:
Babu amfani, Malam. Da zarar ruwan ya tsane, mai ya taso sama, tsamin ya tafi, aiki ya kammala. Abin da ya wuce haka ƙuna ne, kuma man da ya yi hayaƙi shi kansa ya fara lalacewa. Ga wanda ke neman bitamin C musamman, ya sani cewa jan tattasai ya ninka tumatir sau da yawa, gwaba kuma ta fi su duka, don haka kada a ɗora wa tumatir nauyin da ba shi kaɗai ke ɗauka ba.

Baban Khalifa, Unguwar Rogo:
Malama, akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa shan kofi guda na markaɗaɗɗen tumatir kowace safiya yana warkar da hawan jini, yana kuma hana sankarar furostet da ke kama maza idan shekaru sun ja. Na san wani dattijo a unguwarmu da ya ajiye ƙwayoyinsa saboda wannan saƙo. Mece ce gaskiyar lamarin?

Malama Rukayya, Tudun Wada:
Baban Khalifa, don Allah ka je wurin wannan dattijo yau, ka roƙe shi ya koma kan maganinsa. Hawan jini ba ya yin sallama kafin ya kayar da mutum, kuma babu wani kayan miya da ke maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.

Gaskiyar da aka gina saƙon a kanta ƙarama ce. Fotasiyam yana taimaka wa ƙoda wajen fitar da gishiri ta fitsari, yana kuma sassauta jijiyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla miligiram 3,510 a rana, ka ga abin da tumatir ɗaya ke bayarwa ɗan gutsure ne daga ciki, kuma dankalin Turawan da muke nomawa a nan Filato, da wake, da ayaba, duk sun fi shi yawan fotasiyam. Hukumar ta kuma ce a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Nan ne matsalarmu take, Maman Hanifa, game da surukarki. Dunƙulen magi rabinsa ko fiye gishiri ne, kuma idan aka jefa biyar ko shida a tukunya aka ƙara da gishirin hannu, to illar ta rinjayi duk abin da tumatir ya kawo. Sabon tumatir da ya nuna sosai yana da nasa zaƙi da garɗi, idan aka haɗa shi da albasa mai yawa, da daddawa, da tafarnuwa da citta, za a iya rage magi zuwa rabi ba tare da masu ci sun yi ƙorafi ba. A wurina wannan ne babban amfaninsa ga mai hawan jini.

Batun sankara kuma, an yi bincike da dama inda aka lura cewa mazan da ke yawan cin dafaffen tumatir ba su cika kamuwa ba kamar waɗanda ba sa ci, amma wasu binciken ba su ga wannan bambanci ba, kuma babu wanda ya tabbatar cewa tumatir yana warkar da ita. Namijin da fitsari ya fara yi masa wuya asibiti ya kamata ya nufa. Akwai kuma waɗanda yawan tumatir zai iya cutarwa, wato masu ciwon ƙoda da ya yi nisa, domin ƙodarsu ba ta iya fitar da fotasiyam, idan ya taru a jini kuwa yana rikita bugun zuciya. Mai ciwon suga dai ya ci hankalinsa kwance, sukarin da ke ciki bai kai giram 3 a cikin giram 100 ba.

Alhaji Ɗanlami, Barikin Ladi:
Ni manomi ne, bari in kawo abin da na sani daga lambu. Masu karatu a intanet za su ga Turawa na yabon tumatirin lokacin zafi, domin a Turai da Amurka daga Yuni zuwa Satumba ne kakarsa. Mu namu akasin haka ne. Asalin wannan shuka daga yankin tsaunukan Kudancin Amurka take, Sifaniyawa suka kai ta Turai a ƙarni na 16, kuma har yau ba ta son zafi mai tsanani ko ruwa mai yawa. Idan zafi ya haura digiri 30, fure yana kakkaɓewa, ɗan da ya fito kuma ba ya yin ja sosai, sai ya tsaya ruwan ɗorawa, domin wannan laikofin da Malama ta ambata ba ya haɗuwa a cikin tsananin zafi. Shi ya sa tumatirin noman rani, na Disamba zuwa Maris, ya fi kowanne ja da nama, ko na nan ne ko na Kadawa a Kano ko na Ɗanja a Katsina. Mu a Filato Allah ya ba mu sanyi saboda tudu, muna iya yin na damina lokacin da sauran wurare suka yanke, amma shi ruwa ya fi yawa a cikinsa, cuta kuma tana damunsa.

Ga mai miya, dogon nan mai kauri irin su UTC da Roma ya fi auki, domin ruwansa kaɗan ne, ba ya cin gawayi kafin ya tsane. Mai faɗin nan mai ruwa da taushi ya fi daɗin ci ɗanye, amma ba ya jure tafiya.

Akwai gaskiyar da ya kamata in faɗa ko da ta shafe mu manoma. Tun 2016, shekarar da tsutsar tumatir da ake kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, feshi ya ƙaru ƙwarai. Kowace kwalbar magani tana da adadin kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da tsinka, amma idan mota na jira kuma farashi ya yi kyau, ba kowa ke jira ba. Ruwan ban-ruwa ma ya bambanta, wani daga rijiya ko dam, wani daga kududdufan da haƙar kuza ta bari, wani kuma daga rafukan da suka ratsa cikin gari suna kwasar ruwan kwatami. Mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido, don haka wanki wajibi ne.

Anti Jummai, Nasarawa:
Alhaji, wannan bayani naka shi ne ainihin dalilin da ya sa na hana ɗanyen tumatir a gidana. Idan har manomi da bakinsa ya ce ba a san ruwan da aka shayar da shi ba, me zai sa in ba yaro ɗan shekara uku? Gara a dafa komai, zuciya ta huta.

Malam Isiyaku, Katako:
Anti Jummai, tsoronki yana kan hanya, ni ma'aikacin duba-gari ne kuma na san abin da kwalara ke yi a unguwanni idan damina ta sauka. Amma ƙwayoyin taifod da na amai da gudawa a saman fatar tumatir suka fi zama, daga ƙasa, da ruwa, da ƙuda, da hannuwan da suka yi ta juya shi, muddin dai fatar ba ta tsage ba. Abin da ake bukata shi ne a fara wanke hannu da sabulu, a zaɓi lafiyayye, a cuɗa kowanne ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ruwa mai tsabta da ake zubowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba su duka a roba ɗaya a jujjuya a kwashe, wanda hakan raba dattin kawai yake yi a tsakaninsu. Jiƙawa cikin ruwan gishiri ko ruwan khal na ɗan lokaci tana ƙara rage ƙwayoyin cuta, wankin kuma yana rage maganin feshin da ya kwanta a fata, ko da yake ba ya kawar da shi duka. A yanke wajen hancin a zubar, kada kuma a yanka shi da wuƙa ko katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza. Ga ƙaramin yaro, a tsoma tumatirin cikin tafasasshen ruwa na rabin minti, a ɗauke, fatar za ta saɓule da kanta, cikinsa kuma yana nan ɗanye. Inda nake goyon bayanki ɗari bisa ɗari shi ne yankakken tumatirin da ya yini a faranti a bakin titi, wannan kam ko babba ya yi hattara.

Maman Sadik, Yan Shanu:
Ina karanta maganganunku, kuma duk na ga ana ta cewa a zaɓi mai tauri, a zaɓi lafiyayye. Ku yi haƙuri, amma akwai gidajen da ko a wannan lokaci na araha fasasshe suke iya saya, balle a watan Yuni da Yuli lokacin da kashi ɗaya na tumatir huɗu ke gagarar mutum. Da babu gara ba daɗi. Mu wanke shi muke yi, mu tafasa sosai, kuma ga mu da rai. Ina so a gaya mana gaskiya ba tare da an raina mu ba: shin tafasa ba ta kashe komai?

Malam Habu, Farin Gada:
Maman Sadik, babu mai raina ki, mu da muke sayarwa mun san yawancin masu sayenmu irinki ne. Amma fasasshe iri biyu ne, kuma mu a kasuwa muna bambanta su. Akwai wanda nauyin 'yan uwansa ya matse a ƙasan kwando, ko tsinken kwandon ya huda shi a hanya, ya fashe yau da safe, warinsa na tumatir ne, namansa ja ne. Akwai kuma wanda ya kwana biyu da fashewa, ya yi yauƙi, ya fara farin gashi ko baƙin tabo, yana tsami. Na farkon ni kaina ina kai shi gida. Ki zo da wuri lokacin da ake sauke kaya, ki ce a tsince miki fashin yau, kuɗinsu kusan ɗaya ne. Asarar nan mafi yawanta daga kwandon gargajiya take, wanda ake jibga shi kan juna a mota, shi ya sa masu kai kaya Legas da yawa suka fara komawa akwatin roba, wanda nauyi ke sauka a kan akwati maimakon kan tumatir.

Malama Rukayya, Tudun Wada:
Yaya Maman Sadik, tambayarki ita ce mafi muhimmanci a wannan muhawara. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta masu rai, don haka wanda ya fashe yau, aka yanke wurin fashin, aka dafa shi a ranar, babu laifi. Amma wasu nau'o'in funfuna suna barin guba a cikin abinci wadda zafin tukunya ba ya rusawa, kuma ba ta nuna kanta da ciwon ciki nan take, a hankali take taruwa, hanta ce ke ɗaukar wahalarta. Tumatir kuma abu ne mai laushi da ruwa, saiwar funfuna tana ratsa cikinsa fiye da inda ido ke gani, saboda haka yanke wurin da ya yi fari bai wadatar ba, zubar da shi ɗungurungum ake yi. A lokacin tsada, kauɗa mai tsabta da tattasai da albasa, ko a ƙara kabewa ko karas don miya ta yi kauri, sun fi ruɓaɓɓen tumatir aminci nesa ba kusa ba.

Hajiya Ladi, Gangare:
Tunda an zo kan tsami, ni tun tasowata ɗan ƙullin kanwa ake jefawa a markaɗe don ya kashe shi, matan yanzu kuma na ga bekin soda suke sawa. Mene ne hukuncin wannan a wurinku? Sannan maigidana yana fama da ƙwannafi duk ranar da ya ci dage-dage da dare, wasu kuma na ce masa 'ya'yan tumatir ne ke taruwa su zama tsakuwar ƙoda.

Malama Rukayya, Tudun Wada:
Hajiya, kanwa tana kashe tsami da gaske, amma tana tafiya da ragowar bitamin C da wani ɓangare na bitamin B, kuma ita kanta tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda mai hawan jini ke gudu. Tumatirin wannan lokaci da ya nuna a jikin uwarsa bai cika bukatar ta ba, a bar markaɗen ya tsane a buɗe ba murfi, a soya albasa har ta yi laushi kafin a zuba shi. Ɗan tsamin da ya rage ma yana da aiki, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da zogale da alayyafo, wanda mata masu ƙarancin jini ke bukata, kuma nan ne kwaɗon da Malam Auwalu ya yaba yake da daraja ta musamman.

Ƙwannafin Baba gaskiya ne, tumatir yana tayar da shi ga wasu mutane, musamman idan ya haɗu da mai da attarugu aka kuma kwanta nan take. A mayar masa da dage-dage zuwa rana, da dare a yi masa miyar kuka ko kuɓewa, ya kuma jinkirta kwanciya awa biyu zuwa uku bayan cin abinci. Maganar 'ya'yan tumatir kuwa ba ta da tushe, ta hanji suke bi su fita, babu hanyar da za ta kai su ƙoda. Tsakuwa daga ma'adinan da ke cikin fitsari take haɗuwa, kuma ƙarancin shan ruwa da yawan gishiri na cikin manyan dalilanta.

Maman Hanifa, Rikkos:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Saura batun ajiya, domin ina son in sayi kwando guda tare da maƙwabciyata. Firij ya fi, ko akwai wata dabara?

Alhaji Ɗanlami, Barikin Ladi:
Wanda za ki ci ɗanye kada ki sa shi a firij tun bai gama nuna ba, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana dakatar da nunarsa ya kuma kashe ƙamshinsa. Ki baza shi a inuwa, hancinsa na kallon ƙasa, kada wani ya hau kan wani, kina dubawa kullum kina cire wanda ya fara laushi. Ga gidan da babu lantarki, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A busasshiyar iskar hunturu take aiki sosai, kuma tumatir yana iya kaiwa mako biyu zuwa uku a ciki. Kauɗa ma yanzu ne lokacinta, amma a shanya a kan gado ko raga sama da ƙasa, a lulluɓe da gidan sauro. Wadda ake bazawa a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota da awaki duk sun samu rabonsu.

Hajiya Ladi, Gangare:
Mu a kwalba muke ɗurawa. A tafasa markaɗen ya yi kauri, a zuba a kwalaben bama da aka wanke, a rufe, a sake dafa su cikin ruwa. Nakan haɗa da albasa da tattasai da ɗan kanwa tun farko don in huta da aiki daga baya. Wani lokaci ya kai damina lafiya, wani lokaci murfin ya kumbura.

Malam Isiyaku, Katako:
Hajiya, ranki ya daɗe, a nan ina roƙonki ki sauya hanya, domin wannan haɗin yana da haɗari. Abin da ke tsare tumatir a rufaffiyar kwalba shi ne tsaminsa, shi ke hana wata ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska ta tsiro ta fitar da gubar da ke shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, kuma wannan guba ba kullum take sauya wari ko launi ba. Kanwa tana kashe tsamin, albasa da tattasai kuma ba su da shi, don haka duka ukun suna buɗe mata ƙofa. A ɗura tumatir zalla, a ƙara babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, a bar ɗan sarari a saman kwalbar, a yi amfani da murfin da bai lanƙwashe ba bai yi tsatsa ba, ruwan tukunya kuma ya shanye kan kwalaben gaba ɗaya. Akwai abin da ya shafe mu mutanen Jos musamman: garin yana kan tudu kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa a nan a kusan digiri 96 maimakon 100, saboda haka kwalbar lita ɗaya da minti 45 zai ishe ta a Legas tana bukatar minti 55 a nan, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa sosai. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa da aka buɗe, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Haɗin albasa da tattasai kuwa, idan ana son sa a shirye, a ƙulla a leda a sa a firiza, ko a busar da kowanne daban.

Malam Habu, Farin Gada:
Maman Hanifa, idan kwalba ko kauɗa za ku yi, ku nemi dogon nan mai kauri, ku kuma sa a juye muku kwandon a gabanku ku ga na ƙasa kafin ku biya. Kada ku jira ƙarshen Maris, domin da zafi ya shigo kaya kan fara raguwa, wanda ke zuwa kuma ba ya yin ja irin na yanzu.